Bugun da ke bin numfashi: littafin aikina kan zuciyar karnukan farauta

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Na'urar isiji, mai zana bugun zuciya a takarda, ta zo hannuna yau. Tsohuwa ce, ta asibitin mutane. Oga, likitan dabbobin da nake aiki a ƙarƙashinsa, shi ne ya karɓo aronta wurin wani abokinsa da ya sayi sabuwa, an kuma bar mana ita zuwa bayan ƙaramar Sallah. Kafin wa'adin ya cika ina so in ɗauki zanen bugun zuciyar karnukan farauta na gida masu lafiya a ƙauyukan da ke tsakanin Samaru da Giwa, in ajiye su su zama ma'auni, duk karen da aka kawo mana da ƙorafin zuciya in gwada nasa da nasu.

Abin da ya jawo aikin shi ne, a watannin nan an sha kawo mana kare ana cewa zuciyarsa tana tsallake bugu. Mai shi ya ɗora hannu a ƙirjinsa da daddare, ya ji ta yi sauri, ta lafa, ta sake sauri, hankalinsa ya tashi, gari na wayewa ya nufi kemis ɗin dabbobi aka haɗo masa allurai. Akasarin karnukan nan lafiyarsu ƙalau. Kare in yana kwance hankalinsa kwance, zuciyarsa kan ƙara sauri lokacin da ya ja numfashi, ta rage lokacin da ya sake shi. Aikin jijiyar bagus ne, wadda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana riƙe zuciya kada ta yi gudu. In ana jan iska riƙon nata ya sassauta, in ana fitarwa ya dawo. Mutane ma suna da wannan, musamman yara, amma a kare ya fi fitowa fili nesa ba kusa ba. Bajamushen nan Carl Ludwig ya rubuta shi tun 1847, kuma a jikin kare ya gan shi.

Damuwata ita ce, akwai rikicewar bugu ta gaske mai kashe kare, kuma ga hannun da bai saba ba duk ɗaya suke. Wanda bai iya raba su ba zai ɗura wa mai lafiya magani, ya sallami mai ciwo.

Kashe kuɗin yau: takardar na'ura naɗi 4, naira 10,000. Sifirit kwalba 2, naira 3,000. 'Yan maƙalan ƙarfe irin na masu gyaran rediyo, naira 2,000. Tabarmar roba, naira 4,500.

Litinin, 27 ga Janairu

Na goge haƙoran maƙalan da magagari har suka daina cizo, na gwada a fatar tsakanin yatsuna. Wayoyin na'urar launin Turai ne: ja hannun dama, rawaya hannun hagu, kore ƙafar hagu, baƙi ƙafar dama. Littafin da ke ofis kuwa launin Amurka yake bi, wanda ya sha bamban, don haka na liƙa wa kowace waya filasta na rubuta wurinta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Fita ta farko, kuma ba a dawo da komai ba.

Mun je gaishe da Sarkin Dawa na ƙauyen da za a fara. Dattijo ne mai yawan shiru. Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Dawa, so nake in ji zuciyar karnukanku da na'ura, ba allura, ba yanka." Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "To Likita, mu me za mu samu?" Muka daidaita a kan duk karen da aka auna, in ba a yi masa rigakafin ciwon hauka a bana ba, za a yi masa kyauta. Oga ya ɗauki nauyin wannan. Ni ma sharaɗin ya yi mini daidai, don hannuna zai yini kusa da bakin karnukan da ban sani ba.

Yadda ake yi: a kwantar da kare a gefensa na dama a kan abin da ba ƙarfe ba, ƙafafu a miƙe ba su haɗu ba, a maƙala biyu a fatar bayan gwiwar hannu, biyu a fatar gaban gwiwar ƙafa, a jiƙa da sifirit. Da muka kunna sai batirin na'urar ya ɗauke kafin ta fitar da takarda taki ɗaya. Ƙauyen ba wuta. Aka ɗauko hayar janaretan mai cajin waya.

Nan aikin ya lalace ta fuska biyu. Layin da ya kamata ya fito siriri sai ya fito da kauri, cike da ƙananan haƙora jere. Na duba da kyau, kusan haƙori ɗaya a kowace milimita. Takardar na gudu milimita 50 a sakan, wutar da muke amfani da ita a ƙasar nan kuwa sau 50 take juyawa a sakan, ke nan wutar janareta ce ke shiga zanen. Ɗan tudun P, alamar matsawar ɗakunan sama na zuciya a zanen, wanda shi ne abin da na fi buƙatar gani, ya nutse a ciki gaba ɗaya. Na matsar da janaretan iya tsawon waya, na sauya soket, na ƙara sifirit, na sa yaran da ke riƙe karen su daina taɓa maƙalan. Ya ragu amma bai tafi ba.

Na biyu kuwa ƙarar ce. Karnukan da muka tarar suna gyangyaɗi duk suka miƙe, kunnuwa a tsaye. Wanda aka samu aka danne, bugunsa ya haura 150 a minti, daidai wa daida, babu alamar sauyin da na zo nema. Tsoro kan janye riƙon bagus gaba ɗaya. Sarkin Dawa ya ce, "Ɗana, kare ba ya kwanciya don an ce ya kwanta. Ka kashe injin nan ka dawo wata rana."

Naɗin takarda guda ya tafi a banza. Fetur naira 3,000, hayar janareta naira 2,000.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Wani mai gyara a Sabon Gari ya sauya batirin, naira 18,000. Na gwada a ofis ba tare da an jona ta da wuta ba, layi ya fito fes.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, yau an samu. Mun isa da hantsi, sanyi bai gama sakin gari ba, karnukan na shan rana a gindin katanga. Da Duna aka fara, baƙar karya 'yar shekara 3, kilo 17. Ɗan Sarkin Dawa ya zauna a ƙasa ya ɗora kanta a cinyarsa yana sosa mata bayan kunne, ni kuma na jira har ta lumshe ido kafin in kunna. Na sa wani yaro ya zuba wa kwiɓinta ido, duk sa'ad da haƙarƙarin ya ɗaga ya ce "ta ja", sai in ɗiga biro a gefen takardar.

In takarda na gudu milimita 50 a sakan, ka raba 3000 da tazarar da ke tsakanin tsinin bugu da na gabansa, ka samu yawan bugu a minti. A inda na ɗiga biro tazarar ta matse zuwa milimita 26, wato bugu 115. Tsakanin ɗigo da ɗigo ta buɗe har milimita 44, wato 68. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ne ake lissafawa a matsayin sauyi, na Duna kuwa ya wuce haka da nisa. Amma kowane bugu da P ɗinsa a gaba, kowane P da QRS a bayansa, wato tsinin da ke nuna matsawar ɗakunan ƙasa na zuciya, sirara, kamanninsu ɗaya. P ɗin kansa ma yana sauyawa: dogo in ta ja iska, ya kwanta har ya kusa ɓacewa in ta sake. Wurin da bugun ke tasowa a ɗakin sama na dama ne ke ɗan matsawa bisa ƙarfin riƙon bagus, kuma a kare shi ma ba ciwo ba ne.

Daga nan na ce a sa ta gudu. Yara suka ja ta zuwa bakin fadama suka dawo a guje, muka maƙala nan take. Tazara milimita 20, bugu 150, kusan babu bambanci tsakanin wannan da wancan. Da ta huta ta sha ruwa, sauyin ya dawo yadda yake. Wannan gwaji ne da kowane mafarauci zai iya yi da tafin hannunsa, ba sai da na'ura ba: rashin daidaiton da ke bin numfashi, ya kuma ɓace in kare ya yi gudu, na lafiya ne.

Sarkin Dawa ya ɗora hannu a ƙirjinta ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai duk karen da ya ƙoshi ya kwanta haka tasa take yi. Yaran yanzu ne ke firgita."

Wani jan kare ya ƙi kwanciya sam, sai na ɗauka yana tsaye. Tsayin tsini kan sauya in kare na tsaye, amma don duba tsarin bugu kawai ya wadatar. Augustus Waller, wanda ya fara ɗaukar isijin mutum a 1887 a Landan, da karensa Jimmy yake nuna wa jama'a aikin, karen na tsaye ƙafafunsa cikin kwanonin ruwan gishiri.

Karnuka 5 yau, duka zane mai kyau.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Karnuka 3 a ƙauye na biyu. Babu abin mamaki. An yi musu rigakafi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ban je ƙauye ba, Oga ya ce in bi shi da na'urar gidan wani Alhaji a GRA. Karen gadi ne, Bowabul irin na Afirka ta Kudu, shekara 7, kilo 58. Maigadi ya ce wata guda ke nan ba ya zagaya gida, yana tari da dare, cikinsa na kumbura. An yi ta ba shi maganin tsutsa saboda kumburin.

Ina ɗora abin sauraro na san wannan daban ne. Bugun na zuwa kamar fashewar gugguru a kasko, wani da ƙarfi, wani da kyar, ba tsari. Na zuba wa kwiɓinsa ido ina saurare, babu wata alaƙa tsakanin numfashi da bugun. Oga ya ce in ƙirga a ƙirji shi kuma ya ƙirga a jijiyar cikin cinya, a minti ɗaya. Na samu 210, ya samu 130. Wasu bugun na zuwa tun ɗakin ƙasa bai cika da jini ba, sai zuciya ta matsa amma abin da ta tura bai isa a ji shi a cinya ba. A karnukan Sarkin Dawa duk bugun da na ji a ƙirji na ji shi a cinya.

Takarda ta tabbatar. QRS sirara ne, tazararsu ba biyu da suka yi daidai, P babu ko ɗaya, sai 'yar rawa a layin. Ɗakunan sama sun daina matsawa, karkarwa kawai suke yi, suna antaya wa ɗakunan ƙasa saƙo ba ƙaƙƙautawa. Wannan ya fi samun manyan karnuka, domin karkarwar na buƙatar ɗakin sama mai faɗi kafin ta zauna. Sikanin da Oga ya yi da yamma ya nuna ɗakunan sun buɗe, bango ya yi siriri, matsawar ta yi rauni. Ciwon da aka fi sani da Dobaman da Giret Den ne, amma ba su kaɗai yake kamawa ba. Kumburin cikin kuwa ruwa ne da zuciya ta kasa kwashewa.

Oga ya yi wa Alhaji bayani ba ɓoye-ɓoye: "Ranka ya daɗe, wannan ba ya warkewa. Abin da za mu iya shi ne mu rage ruwan, mu rage gudun zuciyar, ya samu sauƙi iya kwanan da Allah ya ba shi." An sa shi a furosemaid don ruwa, da diltiyazem da digoksin don rage gudu. Fimobendan, mai ƙara wa zuciya ƙarfin matsawa, babu shi a Zariya, sai an aiko daga Legas. Ba zan rubuta adadin ko ɗaya a nan ba, domin digoksin tsakanin maganinsa da gubarsa ɗan taki ne, kuma na san akwai mai karantawa ya nufi kemis.

Na koya wa maigadi ƙirga numfashin karen yana barci, ɗagawa da saukar kwiɓi a matsayin ɗaya. Na ce, "Baba, in ya wuce 30 a minti, ko tsakar dare ne ka kira ni."

Talata, 18 ga Fabrairu

Takarda ta ƙare. Wadda ake samu a nan ta fi ramin na'urar faɗi. Na yi oda daga Kano, naɗi 6 naira 16,500, direba naira 1,500. Irin takardar nan zafi ke rubutu a kanta, zafi kuma ke goge ta, don haka duk zanen da na ɗauka ina yi masa hoto da waya a ranar, da rula a gefe.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wannan ce ranar da ta fi koya mini wani abu tun da na fara.

Wata malama ta kawo ƙaramin karenta mai gashi, irin Lasa, shekara 11. Tari yake yi tun shigowar hunturu. An kai shi wani wuri, an ji ƙarar yoyo a gefen hagu na ƙirjinsa, aka ce zuciya ce ta gaza, aka ɗora shi a furosemaid wata guda. Tarin bai ragu ba, sai ƙishirwa da fitsari da kasala da suka ƙaru.

Ƙarar yoyon tana nan, ba a yi ƙarya ba. Tsofaffin ƙananan karnuka da yawa suna da ita, murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu ne ke tsufa ya daina rufewa ruf. Amma da ya natsu a cinyar uwar ɗakinsa na kunna, bugu 84 a minti, yana matsewa yana buɗewa da numfashi, sak irin na Duna.

Zuciyar da ta gaza har ruwa ya taru a huhu, jiki kan yi ta zaburar da ita dare da rana, riƙon bagus ya janye, bugun ya zama mai sauri kuma daidai wa daida. Sauyin nan na numfashi yana cikin abubuwan da ke fara ɓacewa. Ciwon hanyoyin iska kuwa sau da yawa ƙara fito da shi yake yi. Ke nan kare mai tari da bugu 84 mai bin numfashi, da wuya a ce ruwan zuciya ne ke sa shi tari. Abin da mutane ke kawo kare a kansa suna kuka, a nan shi ne albishir.

Oga bai tsaya a kan takardata kaɗai ba, kuma haka ya dace. Ya sa aka yi hoton ƙirji. Huhu babu ruwa, bangon hanyoyin iska ya yi kauri, zuciya ta ɗan girma kaɗan. Ya tambaye ta, "Madam, a ina yake kwana?" A ɗakinta, inda ake kunna maganin sauro na hayaƙi kowane dare, ga turaren wuta, ga ƙurar hunturu. Za a janye furosemaid a hankali, a fitar da shi daga hayaƙi, ita kuma ta riƙa ƙirga numfashinsa in yana barci ta turo mini.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Wani abokin aiki ya ga yadda nake ɓata rabin awa ina jiran kare ya natsu, ya ce me zai hana in ɗan tsira musu zailazin, allurar da ke kwantar da dabba. Ban yi musu ba, na bari aka kawo wani kare ɗinkin rauni, aka yi masa zailazin kamar yadda aka saba, na maƙala na'ura na kira shi. Bugu 44 a minti, kuma can da can sai P ya fito shi kaɗai babu QRS a bayansa, saƙon ya tsaya a hanya. Allurar ce ta jawo, da ta sake shi ya koma daidai. Zanen da aka ɗauka a kan wannan allura labarin allurar yake bayarwa. Jira ya zama dole.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Karnuka 4. Malama ta turo ƙirgenta, tsakanin 18 da 22. Tarin ya ragu.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau, zafi kuma ya fara leƙowa. Mun isa ƙauye wajen ƙarfe goma sha ɗaya, duk karnukan na haki, harshe a waje. Haki numfashi ne marar zurfi, ɗaruruwa a minti, iska na kai da komo a baki da maƙogwaro don sanyaya jiki. Ƙirji na jijjiga, layin na hawa yana sauka, P ya ɓace a ciki. Ko a inda zanen ya ɗan fito, sauyin bugun ya kusa shafewa, tunda babu dogon ja da dogon saki da zai bi. Yaro mai cewa "ta ja" ma ya rasa abin faɗa.

Akwai dabarar rufe bakin kare da hannu a hankali na 'yan sakanni a ɗauki zane. Ta isa a ga ko akwai bugu marar kyau, amma ba ta isa abin da nake aunawa ba, kuma a zafin nan ba na son hana kare haki. Daga yanzu fita bayan sallar asuba, a gama kafin rana ta ɗaga. Da azumi ma hakan ya fi mini.

Laraba, 5 ga Maris

Ɗan Sarkin Dawa ya kira jiya da yamma. Mota ta buge karensu Bar-su a titin Funtuwa suna dawowa daga dawa. Suka kawo shi a babur. Ba karaya a ƙafa, amma gefen ƙirji ya kumbura, yana nishi in an taɓa. Zanen jiya: bugu 170, daidai, kowane da P ɗinsa. Zafin ciwo da tsoro. Aka ba shi maganin zafi da ruwa ta jijiya. Yaron ya so ya tafi da shi, Oga ya ce, "A'a, bar shi ya kwana biyu. Zuciyar da ta bugu ba ranar take nuna kanta ba."

Yau da safe kuwa sai ga shi. Ana tafiya daidai, sai wani bugu ya yi shisshigi kafin lokacinsa, mai faɗi, marar fasali, ya juya ƙasa, babu P a gabansa, sai ɗan shiru, sannan a ci gaba. Daga ɗakunan ƙasa yake tasowa, inda naman zuciya ya ƙuje. Wani lokaci guda ɗaya, wani lokaci su jero shida ko bakwai a gudun 130. A hannu ma ana ganewa in an natsu: bugu biyu manne da juna, shiru, kuma na biyun ba ya isa cinya. Ba ruwansa da ja ko sakin numfashi.

Irin wannan yakan fito kwana ɗaya zuwa biyu bayan bugewa. Na ɗauka za a yi masa lidokain, allurar da ke danne irin wannan shisshigi, nan take, har na ajiye shi kusa. Oga ya duba dasashinsa, ja ne. Jijiyar cinya da ƙarfi, kare na ɗaga kai yana kallon mutane. Ya ce ba a yi wa takarda magani. Za a yi allurar in jerin ya ƙi tsayawa ya haura 180, ko bugun ya fara hawa kan T, wato tudun ƙarshe a zanen bugun da ya gabace shi, ko kamanninsu suka yi ta sauyawa, ko karen ya fara suma. Kafin nan a ci gaba da kashe zafi, a duba sinadarin fotashiyam a jini.

Ya kuma ja hankalina cewa wannan bugun shisshigi sau da yawa ba daga zuciya matsalar take ba. Ƙari a saifa na kawo shi, murɗewar tumbi na kawo shi, zazzaɓin kaska mai tsanani ma haka. In an gan shi a karen da mota ba ta buge ba, a laluba ciki, a duba jini. Sai a wasu irin, kamar Boksa da ƙananan Alseshan, inda yake zuwa ta gado.

Asabar, 8 ga Maris

Bar-su: shisshigin ya ragu jiya, yau babu ko ɗaya a zanen minti 3. Bugu 96, ya kuma fara matsewa da buɗewa da numfashi. An sallame shi, ba farauta sai bayan Sallah.

Litinin, 10 ga Maris

Wani siririn kare a ƙauye na uku, wanda suka ce ya fi kowanne gudu, ya yi barci sosai a kan tabarma. Bugu 48, kuma a ƙarshen sakin numfashi zuciyar ta yi shiru na sakan 2.4. Na auna sau biyu da rula. Kare mai lafiya kan yi irin wannan shiru a barci, amma akwai ciwon da tushen bugu ke gajiya, wanda shi ma da dogon shiru yake zuwa, har kare ya riƙa faɗuwa. Mai shi ya ce bai taɓa faɗuwa ba.

Da izinin Oga aka kawo shi ofis aka yi gwajin atrofin, miligiram 0.04 a kowane kilo. Atrofin na toshe saƙon bagus. In riƙonta ne ya yi ƙarfi, zuciya za ta saki ta yi gudu. In tushen ne ya lalace, ba za ta amsa yadda ya kamata ba. Bayan rabin awa: 165, daidai wa daida, shiru ya tafi. Lafiyarsa ƙalau, zuciyar mai gudu ce kawai. Mun ajiye shi a inuwa da ruwa har yamma, don atrofin na busar da baki.

Alhamis, 13 ga Maris

Maigadin Alhaji ya kira, karen ya ƙi abinci kwana biyu, ya yi amai. Numfashin barci 26, ke nan ba ruwa ba ne ya dawo. Bugu ya sauko 150 a gabanmu, ciki ya sace. Ƙin abinci da amai su ne alamun farko na digoksin in ya yi yawa a jiki. Oga ya dakatar da shi, aka ɗibi jini don duba ƙoda, za a dawo da shi a ƙaramin adadi in sakamako ya yi kyau.

Abin da ke ci mini rai shi ne, 150 ɗin nan na minti biyu ne, baƙi na tsaye a kansa. Abin da ake so a sani shi ne matsakaicin gudun a awa 24, wanda ake son ya sauka ƙasa da 125, kuma wannan sai da ƙaramar na'urar da ake ɗaura wa kare a jiki ya yini ya kwana da ita. Ba mu da ita. Na nuna wa maigadi inda zai sa hannu a bayan gwiwar hannun hagu ya ƙirga in karen na barci. A irin wannan rikicewa ƙirgen hannu kan gaza gaskiya, amma ya fi babu.

Fimobendan ya iso daga Legas. Alhaji ya ga kuɗin wata guda ya yi shiru, sannan ya ce a ci gaba.

Litinin, 17 ga Maris

Lissafi zuwa yau: karnukan farauta masu lafiya 23. A 21 sauyin bugu da numfashi ya fito fili. Biyun da bai fito ba, duka sun ƙi natsuwa, jiki na rawa, bugu sama da 140, zan sake gwada su a gidajensu da asuba ba tare da taron yara ba. Bugun hutawa a sauran ya kama daga 48 zuwa 118. Adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, kuma duka manya ne, babu kwikwiyo ko ɗaya.

Kuɗi: naira 60,500 a kaya da gyara, naira 27,000 man babur, jimla naira 87,500, ban da rigakafin da Oga ya biya.

Abin da ke gaba. Zan roƙi a ƙara mana wata guda da na'urar bayan Sallah, don in samu 'yan kwikwiyo da tsofaffi. Akwai ayarin mafarauta da ke dawowa daga dazukan kudancin Kaduna ƙarshen wata, inda ƙudan tsando yake. Sammore, ciwon da ƙudan nan ke yaɗawa, na iya taɓa naman zuciyar kare, don haka duk wanda ya dawo da rama ko farin ido zan haɗa masa zane da gwajin jini. Sarkin Dawa kuma ya nemi in rubuta wa yaransa yadda ake gwadawa da hannu a 'yar takarda, da boko da ajami: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cinya, ido a kwiɓi, sannan a sa kare gudu a sake ji. Na rubuta na boko, limamin ƙauyen zai juya shi zuwa ajami ranar Juma'a. Takarda ta rage naɗi 2, sai na sake aikawa Kano kafin Asabar.